Babi na Tara: Ko Waya Za Ta Iya Horar da Mai Waswasi?

A shekarar 2003 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu 'yan ƙasar Holan, Marcel van den Hout da Merel Kindt, suka zaunar da ɗalibai masu ƙoshin lafiya a gaban kwamfuta. A fuskar kwamfutar akwai hoton murhun gas mai kai shida. Aikin ba shi da wuya: a nuna maka kai uku, ka kunna su, ka kashe, sannan ka koma ka duba ko sun mutu. Wasu ɗaliban aka sa su maimaita wannan sau 20 a kan murhun, wasu kuma aka ba su hoton ƙwan lantarki su yi ta kunnawa da kashewa. Daga ƙarshe aka mayar da kowa kan murhun aka tambaye shi: waɗanne ka duba yanzun nan, kuma yaya ka amince da abin da ka tuna?

Waɗanda suka yi ta duba murhu ba su fi sauran yin kuskure ba. Abin da ya ragu shi ne yardarsu da kansu. Hoton abin da suka yi ya dusashe a zukatansu, suna ba da amsa daidai amma suna ɗari-ɗari da ita. A zama guda, kwamfuta ta ɗanɗana wa lafiyayyun mutane abin da mai ciwon waswasi ke kwana da shi yana tashi da shi: yawan dubawa ba ya kawo tabbaci, cinye shi yake yi.

To idan na'ura za ta iya dasa shakka, za ta iya cire ta? Tambayar da masu bincike a ƙasashe da dama suka shafe shekaru suna bi ke nan, kuma yanzu da waya ta shiga kowane aljihu, 'yan kasuwa ma sun shigo ciki. Kafin mu duba abin da suka samo, sai mun san gurbin da ake son wannan horo ya cike.

Ciwon waswasi, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da haruffan OCD, yana kama kusan mutum biyu cikin ɗari a tsawon rayuwa, kuma yawanci yana farawa ne tun ƙuruciya ko farkon samartaka. Ƙafa biyu gare shi. Ta farko tunani ne mai kutse wanda mutum bai gayyata ba: hannuna akwai najasa, ban kulle ƙofa ba, zan cutar da jaririna, na yi saɓo a zuci. Ta biyu ita ce abin da mutum ke yi don ya sami sauƙi: wanki, dubawa, ƙirge, maimaita niyya, tambayar mutane. Tunanin shi kansa ba ciwo ba ne. Wani bincike da Adam Radomsky ya jagoranta, wanda aka buga a 2014, ya tambayi ɗalibai 777 a ƙasashe 13, kuma kusan kashi 94 cikin ɗari suka ce irin wannan tunani ya taɓa faɗo musu a watannin da suka gabata. Bambancin kawai, su ya wuce su, shi kuwa mai ciwon ya tsaya ya ba shi amsa. Ba kuma ciwon zamani ba ne, domin Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya yi bayaninsa a littafinsa kan lafiyar jiki da ta rai.

Magani iri biyu ne suka tabbata. Akwai ƙwayoyi irin su fluoxetine da sertraline da clomipramine, waɗanda a wannan ciwo akan ba da su da ƙarfi fiye da yadda ake bayarwa a ciwon damuwa, kuma sai an yi haƙurin mako 8 zuwa 12 kafin a yanke hukunci a kansu. Kusan rabin masu sha ne ke samun sauƙi mai ma'ana. Na biyu shi ne tunkara da kamewa, wanda ake kira ERP, wanda Victor Meyer ya fara bayyanawa a Landan a 1966. A nan ana sa mutum ya tunkari abin da yake tsoro, daga ƙarami zuwa babba, sannan ya kame daga abin da ya saba yi. Ya taɓa mariƙin ƙofar banɗaki, ya zauna da hannunsa haka nan, zuciya na dukan uku-uku, har tsoron ya sauka da kansa. Yana aiki, amma da ɗaci. Wasu ba sa yarda su fara, wasu su fara su gudu, wasu kuma ko mai yi musu ba za su samu ba.

Ga ma'aunin da ya kamata mai karatu ya riƙe. A 2013 Helen Blair Simpson da abokan aikinta suka ɗauki marasa lafiya 100 waɗanda ke shan ƙwaya amma ciwon bai sake su ba, suka raba su uku don a ga wane ƙari ne ya fi. Waɗanda aka ƙara wa tunkara da kamewa, kashi 80 cikin ɗari suka sami sauƙi. Waɗanda aka ƙara wa ƙwayar risperidone, kashi 23. Waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta, kashi 15. Duk abin da zai zo ya ce shi ƙari ne a kan magani, da wannan za a gwada shi.

Horon birki

Tunanin da ya fi jan hankalin masu bincike shi ne cewa mai waswasi yana da raunin birki. Yana son ya tsaya, ya san ya kamata ya tsaya, amma hannu ya riga ya kai famfo. Akwai gwajin da ake auna wannan da shi tun shekarun 1980, kuma yana da kyau a ga yadda yake.

Kana zaune, yatsunka biyu a kan maɓallai. Kibiya ta fito tana nuna dama, ka danna dama. Ta nuna hagu, ka danna hagu. Ana son sauri, don haka nan da nan hannunka ya saba, ya fara gaba da tunaninka. Amma a kusan ɗaya cikin huɗu na fitowar kibiyar, sai a ji ƙara, ɗit, jim kaɗan bayan ta bayyana. Ma'anar ƙarar: kada ka danna. Idan ka yi nasarar kamewa, kwamfutar sai ta jinkirta ƙarar a karo na gaba, ta bari yatsanka ya ƙara nisa kafin ta ce tsaya. Idan ka faɗi, ta sassauta. Haka za ta yi ta wasa da kai har ta kai ka inda rabi kake ci, rabi kake faɗuwa, daga nan ta lissafa tsawon lokacin da ƙwaƙwalwarka ke buƙata ta janye umarnin da ta riga ta bayar. A wurin yawancin mutane kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ne.

Samuel Chamberlain da abokan aikinsa a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun nuna a 2006 cewa masu ciwon waswasi sun fi jinkiri a wannan gwaji, sun kuma fi wahalar sauya dabara idan an canza musu ƙa'idar wasa. Shekara guda bayan haka suka gano abin da ya fi ban mamaki: 'yan'uwansu na jini, waɗanda ba su da ciwon ko kaɗan, su ma suna da irin wannan jinkiri. Wannan ya nuna abin yana da saiwa a gado. Amma ya kuma nuna wani abu da masu tallar manhaja ba sa son a tsaya a kai. Idan ɗan'uwa yana da raunin birkin amma ba ya wanke hannu sau hamsin, ashe raunin birki shi kaɗai ba shi ne ciwon ba.

Duk da haka, dabarar mayar da gwajin ya zama atisaye tana da ma'ana. Eyal Kalanthroff, tare da Simpson ɗin nan a Jami'ar Kolombiya da ke New York, ya buga gwajin farko a 2018 na wani horo da aka ɗinka wa kowane mara lafiya daidai jikinsa. Maimakon kibiya kawai, ana sa hotunan abubuwan da ke tayar masa da hankali: mai tsoron ƙazanta ya ga kwandon shara, mai duba ƙofa ya ga kwaɗo. Alamar tsayawa takan zo tare da waɗannan hotuna, don ƙwaƙwalwa ta saba haɗa ganin abin da kamewa. A ganina wannan ita ce dabara mafi hankali a duk fagen, domin ta yarda cewa matsalar ba birki a ko'ina ba ce, birki ne a gaban abin tsoro. Sai dai mutanen da aka gwada a kansu kaɗan ne ƙwarai, kuma su kansu masu binciken gwajin share fage suka kira shi.

Akwai wani horon da ke neman juya inda ido ke faɗawa. Kalmomi biyu su fito, ɗaya ta ƙazanta ɗaya ta yau da kullum, su ɓace, sai alamar da za ka danna ta bayyana a gurbin ta yau da kullum, a yi ta maimaitawa har hankali ya koyi kauce wa ta tsoron. Sadia Najmi da Nader Amir sun gwada shi a Amurka a 2010 a kan ɗalibai masu ƙyanƙyami, kuma waɗanda aka horar sun fi kusantar abubuwan da suke ƙyama. An yi murna. Amma da Ioana Cristea da abokanta suka tattara gwaje-gwajen irin wannan horo a kan fargaba da damuwa a 2015, sai suka tarar amfanin ƙarami ne, kuma yana ƙara ƙanƙancewa idan aka ware gwaje-gwaje marasa inganci.

Hannunka a cikin waya

Gwajin da jaridu suka fi yayatawa shi ne na Baland Jalal da Barbara Sahakian na Kambirij, tare da V. S. Ramachandran, wanda ya fito a 2018. Sun ɗauki mutane 93 masu tsananin tsoron ƙazanta, suka raba su uku. Aka ɗauki kowa bidiyo gajere. Rukunin farko suna wanke hannu. Na biyu suna taɓa wani abu da aka haɗa ya yi kama da bayan gida. Na uku suna motsa hannu kawai. Aka sa wa kowa nasa a waya, ya riƙa kallo na daƙiƙa 30, sau huɗu a rana, har mako guda. Rukunai biyun farko suka nuna raguwar alamomi, kuma suka fi iya sauya dabara a gwajin kwamfuta.

Abin sha'awa ne, kuma ba ya cin kuɗi. Amma a lura da abu biyu. Mutanen nan ba marasa lafiya ba ne da likita ya tabbatar, masu ƙyanƙyami ne kawai, kuma mako guda ba komai ba ne a ciwon da ke shekara ashirin tare da mutum. Na biyu ya fi damuna. Bidiyon taɓa ƙazanta ɗan'uwan tunkara da kamewa ne, ba gardama. Bidiyon wanke hannu fa? Mutum ya ji hannunsa ya ƙazantu, ya ciro waya, ya kalli kansa yana wanki, hankalinsa ya kwanta. Fatar hannunsa ta huta, gaskiya ne, kuma ga wanda sabulu ya tsattsaga wa hannu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma darasin da ƙwaƙwalwarsa ta ɗauka bai canza ba: tsoro ya zo, sai na yi wani abu kafin ya tafi.

Wata hanyar kuma ba ta taɓa birki ko ido, fahimta take nema. Manhajar GGRO, wadda Guy Doron na Isra'ila ya tsara, tana jefo jimloli a fuskar waya. Wadda ke ƙarfafa ciwon, kamar a ce dole mutum ya tabbata ɗari bisa ɗari, ka ture ta da yatsa. Wadda ke karya shi, ka jawo ta wajenka. Minti uku a rana, kwana 15. Gwaje-gwajen farko, waɗanda aka yi da ɗaliban jami'a a Sifen, sun nuna raguwar irin waɗannan tunane-tunane. Doron yana cikin masu kamfanin da ke yin manhajar, abin da ba laifi ba ne kuma ba a ɓoye ba, amma mai karatu ya san da shi. A Hambug ta Jamus kuwa, Steffen Moritz da Lena Jelinek sun daɗe suna fitar da darussan gyaran tunani na taimakon kai, da yawansu kyauta.

Inda gizo ke saƙa

Duk wanda ya yi atisayen kibiya na mako biyu zai ƙware a atisayen kibiya. Wannan ba abin tambaya ba ne. Abin tambaya shi ne ko ƙwarewar za ta bi shi har bakin famfo da asuba. A 2010 Adrian Owen ya yi amfani da wani shirin talabijin na BBC ya tara mutane 11,430 suka yi wasannin horar da ƙwaƙwalwa ta intanet har mako shida. Kowa ya ƙware a wasan da ya yi. Da aka gwada su a wasu ayyukan tunani, har masu kama da wasan, ba su fi waɗanda ba a horar ba. A 2016 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin da ke da Lumosity ya biya dala miliyan 2 saboda tallar da ta yi alkawarin abin da ba a tabbatar ba. Ba a kan waswasi aka yi waɗannan ba, amma darasinsu ya shafe shi kai tsaye.

Shi ya sa likitoci ba sa auna sauƙi da makin wasa. Suna da ma'auni mai tambayoyi goma da aka fitar a 1989, mai suna Y-BOCS, wanda makinsa ke tashi daga 0 zuwa 40. Tambayoyinsa na rayuwa ne: awa nawa abin ke ci maka a rana, yaya yake hana ka aiki, kana iya ƙin bin sa? Sai maki ya sauka da kashi 35 cikin ɗari ake cewa magani ya karɓi mutum. Horon ƙwaƙwalwa na waya bai riga ya nuna irin wannan a manyan gwaje-gwaje na marasa lafiya na gaske ba, balle ya kama ƙafar kashi 80 ɗin da muka gani a baya.

Sannan ga haɗarin da ya keɓanta da wannan ciwo. Waswasi ba ya zaɓen abinci, duk abin da ka miƙa masa zai ci. A gidan da ake da mai ciwon, irin wannan zance ba baƙo ba ne:

"Umma, kin ga lokacin da na wanke ƙafar hagu?"

"Na gani, Auta. Kin wanke."

"Har idon sawu?"

Uwar tana amsawa ne don tausayi, amma kowace amsa tana sayen natsuwar minti biyar ne da bashin tambaya ta gaba. Waya kuwa ta fi Umma haƙuri, ba ta gajiya, ba ta barci. Manhajar da ke ba da maki, tana ƙirga kwanakin da ba ka fasa ba, tana tafa maka idan ka cika ɗari, ta dace da mai son komai ya cika cif fiye da kima. Zai iya maimaita atisaye don ya kuskure ɗaya, ko ya kasa barci don bai yi na yau ba. Idan abu ya kai haka, horon ya koma cikin ciwon.

Kada a haɗa wannan duka da wani abu daban da shi ma ake yi ta intanet, wato tunkara da kamewa da ƙwararre ke jagoranta daga nesa. A Cibiyar Karolinska ta Suwidin, Erik Andersson ya gwada shi a 2012 da marasa lafiya 101 na mako goma: suna karanta darasi, suna yin aikin a gida, mai ba da magani yana amsa musu a rubuce. Kashi 60 cikin ɗari suka sami sauƙi na a zo a gani, a rukunin da ba a yi wa wannan magani ba kuwa kashi 6. Nan wayar hanya ce kawai, maganin shi ne tsohon nan na Meyer. Mai saye ya bambance su, domin a kantin manhajoji duk kamarsu ɗaya.

A ƙasar Hausa wannan bambanci ya fi nauyi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma masu iya tunkara da kamewa sun fi haka ƙaranci. Wanda ke ƙauye mai nisa da asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko Dawanau a Kano, waya ce ta fi kusa da shi, don haka jarabar ya mayar da ƙari ya zama uwar magani tana da ƙarfi. Ga shi kuma yawancin manhajojin da Turanci suke, hotunansu na banɗakin Turawa ne da murhun gas, alhali waswasin da ya fi kai mutanenmu wurin malam na tsarki ne da alwala da niyya da saki. Mun ga cewa horon da ya fi ma'ana shi ne wanda aka ɗinka da abin tsoron mutum na kansa. Wanda buta ce matsalarsa, hoton kwandon shara ba zai yi masa komai ba.

Abin da muke da shi a hannu kuma bai kamata a raina shi ba. Duk wanda ya yi karatun Ahalari da Risala ya san malaman Malikiyya sun ware hukunci na musamman ga wanda shakka ta aura, mai yawan kokwanto kullum: ba a ce ya koma ya sake ba, cewa aka yi ya yi watsi da shakkar ya wuce. Wannan umarni da abin da likita zai faɗa masa hanyarsu ɗaya. Malamin da ya gane cewa mai tambayar nan da ke dawowa kullum da mas'ala guda ba ƙarin fatawa yake buƙata ba, ya ba shi amsa sau ɗaya ya tura shi asibiti, ya yi masa abin da babu manhajar da za ta yi.

Hukuncina a kan horon ƙwaƙwalwa na waya shi ne: abin gwadawa ne ga wanda ya riga ya kama magani, ba abin farawa da shi ba. Idan kana shan ƙwaya, kada ka ajiye ta don ka sauke manhaja, domin yanke ta farat ɗaya yana da nasa wahalar. Idan kana ganin likita, nuna masa abin da ka sauke, ku yanke minti nawa za ka yi a rana, kuma idan lokacin ya cika ka rufe ko da ka faɗi wasan. Bayan wata guda kada ka duba makin da wayar ta ba ka. Duba minti nawa alwalarka ke ɗauka yanzu, sau nawa ka koma ƙofa jiya da dare, sau nawa ka tambayi mutanen gida. Idan waɗannan ba su ragu ba, goge manhajar ka koma wurin likita ka tambaye shi inda ake yin tunkara da kamewa.